Ranar da Aka Bar wa Koci Yara

A duk makarantar firamaren nan babu wanda ya kai malamin wasanni ƙarfi, in dai a baki ne. Koci ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma ba ya amsa wani. Kullum cikin jajayen kayan motsa jiki yake zuwa, masu farin layi a gefe, ga usur rataye a wuya ya kwanta a kan tumbinsa kamar jariri a kan katifa. In ka yi kuskuren zama kusa da shi, za ka ji yadda wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta so ta ɗauke shi maƙiya suka shiga tsakani, da yadda ya taɓa buga ƙwallo ta fasa raga, ta tsaga katanga, mai tsaron gida ya bar sana'ar a ranar. Gwiwa ce ta cuce shi. In ka tambayi wace gwiwar, sai ya dafa wadda ta fi kusa da kai.

Aikinsa ba mai wahala ba ne. In an kaɗa ƙararrawar tara, yara sun fito fili shan iska, sai ya tsaya a gindin bishiya ya busa usur. Yara su ci gaba da abin da suke yi. Shi kuma ya juyo ya ce wa duk wanda ke kusa, "Ka gani? Horo ke nan."

Sai damina ta kankama. Dokar makarantar kuwa ita ce in ruwa ya sauko lokacin tara, babu yaron da zai leƙa waje. Kowane malami ya zauna da 'yan ajinsa, su ci abincinsu a kan benci, su yi faɗansu a ƙarƙashinsa, su yi ta ɗare taga suna kallon filin da ya koma tafki. Malamai suka fara ramewa. Shayin tara, wanda shi ne ke riƙe da yawancinsu a aikin koyarwa, ya gagare su. Mutum ɗaya damina ta karɓa, shi ne Koci. Da an fara yayyafi sai ya shige ɗakin malamai, ya ɗora ƙafafu a kan tebur, ya haɗa shayi mai kauri da madarar mutane, ya ce yana nazarin dabarun wasa. Daga baranda ake jin nazarin, don da munshari yake yin sa.

Shugabar makarantar, wadda yara da malamai ke kira Anti Babba, mace ce mai magana a hankali, irin wadda in ta yi maka murmushi sai ka fara lissafin laifinka. Wata safiya ta aika a kira shi.

"Koci, zauna."

"Ai ɗan wasa ba ya zama, Anti."

"To tsaya. Malamar aji ɗaya ta kusa tafiya hutun haihuwa, kuma ba mu da halin ɗaukar wata. Na duba makarantar nan kaf, mutum ɗaya na gani da ruwan sama ke ba shi hutu."

Koci ya waiwaya bayansa ko akwai wani a tsaye. Babu kowa sai ƙofa.

"Aji ɗaya?" ya ce. "Masu majinar nan?"

"Su."

Sai ga ɗan wasa ya zauna.

Ya san aji ɗaya. Sau ɗaya ya taɓa leƙawa, ya tarar da malamar da yaro ɗaya rataye a ƙafarta, wani yana kuka don an kalle shi, ita kuma ta ɗaga wani jiƙaƙƙen wando sama tana tambayar na wane ne, duk ajin suna rantsuwa ba nasu ba ne. Tun daga ranar, in zai wuce ƙofar, gudu-gudu yake yi, ya ce motsa jini ne.

"Anti," ya ce, "matsalar makarantar nan ba rashin malami ba ce. Rashin tsari ne. A ƙasashen da suka ci gaba, in ana ruwa, ba a tsare yara a aji kamar kaji. A babban ɗaki ake tara su, ƙwararre ɗaya ya riƙe su."

"Ka je ƙasashen?"

"Na kusa. Ki ba ni ɗakin taro, ki ba ni yaran duka, daga aji ɗaya har aji shida. Malamai su je su sha shayinsu. In kika shigo kika ji tarin yaro ɗaya ba da izinina ba, ki canja min suna."

Anti Babba ta yi murmushin nan nata. "Ba sai na canja maka suna ba, aji zan canja maka. Ruwan da za a yi nan gaba naka ne. In ka riƙe su daga ƙararrawar fita zuwa ta komawa, babu kuka, babu jini, babu uwar da za ta zo min da safe ta ci ɗamara, ka ci gaba da zama Kocinka. In ba haka ba, ka fara koyon ɗaura igiyar takalmi."

"An gama," in ji Koci, ya ƙame kamar soja.

Kafin azahar labari ya gama ɗakin malamai. Malamin lissafi, wani siririn mutum mai tabarau wanda madararsa ce ta fi shan wahala a hannun Koci, ya ajiye jan biro ya dube shi ta saman gilashi.

"Duka yaran?"

"Duka."

"Har da 'yan aji uku?"

"Me 'yan aji uku suka yi?"

"Ba komai. Allah ya ba da sa'a. In abin ya faru, wa za mu kira a gidanku?"

Malamai suka kwashe da dariya. Koci ya kaɗa usur ɗinsa a yatsa.

"Kai da alli ka saba, malam. Ni mutum nake sarrafawa. Na taɓa tsayar da filin wasa guda da busa ɗaya, har mai sayar da ruwa ya ƙame da tire a ka."

"Wancan karon cewa ka yi mai sayar da lemo ne."

"Su biyu ne."

A gida ma bai sami goyon baya ba. Matarsa tana ninke kayan wanki ya gama zayyana mata shirin, ta saurare shi har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Baban Auta," ta ce, "kai da yaranka uku suka kulle ka a banɗaki, sai da na dawo kasuwa na buɗe ka?"

"Wasa muke yi."

"Har da kukan?"

"Sabulu ne ya shiga idona. Ke dai ki goge min kayan nan, layin ya fito sosai."

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aji huɗu a makarantar, tana gefe tana cin biskit tana jin komai. Yarinya ce da ba ta ƙarya, kuma ba ta san lokacin da ake yin shiru ba.

Daga nan sai sama ta ɗauke. Kwana da kwanaki ko ɗigo babu. Kullum Koci ya tsaya tsakiyar fili ya riƙe ƙugu ya dubi sama ya ce, "Hadarin ma ya ji labari." Yana ƙara samun rana, shirin yana ƙara girma a bakinsa. Abin da ya fara da tara yara a ɗaki ya zama ƙwallo, da jan igiya, da fareti, har ya fara cewa wasu makarantu za su turo malamansu su ga yadda ake yi, kuma ba kyauta ba.

Da ruwan ya tashi zuwa, sai ya zaɓi ranar da kwamitin iyaye suka zo duba rufin ɗakin taron. Anti Babba ta daɗe tana roƙonsu su sake kwanon, suna ce mata ana dubawa. Don haka tun da safe ta sa aka jera bokitai a ƙarƙashin duk inda ke yoyo, ta ƙara wasu a inda ba ya yoyo, don tausayi ya fi kama baƙin. Da hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, ta tare Koci a baranda.

"Ga ranarka ta zo. Zan kawo baƙi su ga yara a tsakiyar yoyo. Abu ɗaya: kada ka taɓa min bokitan nan."

"Anti, ni da yara nake aiki, ba da bokiti ba."

Aka kaɗa ƙararrawa, ruwa ya ɓarke kamar da ma ita yake jira. Ba a taɓa ganin malamai da sauri irin na ranar ba. Kowa ya koro 'yan ajinsa ta baranda, ya tura su ɗakin taro, ya juya ko sallama babu. Malamar aji uku ma ba ta ƙaraso ƙofar ba, daga nesa ta nuna musu hanya ta ruga. Kafin Koci ya gyara zaman wandonsa, ɗakin ya cika maƙil, kowane yaro da kular abincinsa a hannu, ɗakin malamai kuma an rufe shi har da sakata.

Koci ya hau dandamali, ya buɗe ƙirji, ya fara jawabin da ya shirya.

Ɗakin taron ba shi da silin. Kwano ne tsirara a sama, ruwa kuma yana dukansa kamar ana juye tsakuwa daga mota. Yara suka ga bakin Koci yana buɗewa yana rufewa, hannu yana sama yana ƙasa, jijiyar wuya ta miƙe, amma ko harafi ɗaya bai iso su ba. Wata 'yar aji biyu ta ɗauka waƙa yake yi, ta fara tafi. Sauran suka kama.

Ya ɗaga usur. Nan ne ƙarfin shirin yake: doguwar busa a zauna, gajeriya a tashi. Ya yi bitar abin sosai a gida, a gaban madubi. Abin da ya manta shi ne bai gaya wa yaro ko ɗaya ba. Ya cika kumatu ya busa har idanunsa suka fito. 'Yan layin gaba suka ji wani abu kamar kukan sauro. Na baya suka ci gaba da dambe.

Da wani malamin ne, da a nan zai aika a kira abokan aikinsa. Koci kuwa dabara ce ta faɗo masa, har ya yi wa kansa murmushi. In usur ɗaya bai isa ba, ai sai a ƙara. Ya janyo jakar usur ɗin roba da suka rage tun gasar wasannin bara, ya yafito monitocin azuzuwa, ya ba kowa ɗaya, ya yi musu nuni da hannu cewa in ya busa su busa. Ya ajiye jakar a bakin dandamali, a buɗe.

A nan ya san abin da 'yan aji uku suka yi.

Bai ga lokacin da suka zo ba. Ya dai ga jakar ta bi ta ƙarƙashin ƙafafu kamar mai rai, ta ɓace, ta sake fitowa a can ƙarshen ɗaki babu komai a ciki. Sai busa ta tashi ta ko'ina. Doguwa, gajeriya, mai karkarwa, mai shaƙewa. Masu usur suna gudu, marasa usur suna bin su. Baba maigadi ya ji daga bakin get, ya ɗauka ɓarayi ne, ya rugo cikin ruwa da gorarsa. Ya tura ƙofa, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ja ƙofar a hankali ya rufe, ya koma ɗakinsa.

Koci ya ce a ransa, ƙarfi ne ya yi musu yawa, sai an ƙone shi. Ƙwallo ce maganinsu. Amma ina fili? Ko'ina kuloli, ko'ina bokitai. Ya sauko ya shiga karɓe kulolin abinci daga hannun yara, yana yi musu ihu a kunne, "Ba a wasa da cikakken ciki!" Yaran da ba su karya ba tun safe suka bi abincinsu da kallo yana tafiya. Ya jibge kulolin a jikin bango, ɗaya kan ɗaya, har suka yi tudu. Sannan ya dubi bokitan Anti Babba. Ya tuna gargaɗinta. Ya kuma tuna cewa ita ba ta san wasanni ba. Ya kwashe su duka, ya watsar da ruwan ta taga, ya kifa biyu a gaban tudun kulolin a matsayin raga, sauran ya tura su lungu.

Yoyo ya sami 'yanci. Ɗis, ɗis, ɗis, a kan siminti mai santsi.

Ta tagar da ya watsa ruwan sai ga kan malamin lissafi ya leƙo, kofin shayi a hannu, takalmansa a jiƙe.

"Koci!" ya ƙwala a kunnensa. "Wannan wane mataki ne a cikin tsarin?"

"Ɗumama jiki!"

"Na ga alama! Wancan da ya hau ƙofa fa?"

"Mai duba yanayi ne!"

"Waɗancan biyun da ke cizon juna?"

"Kai dai koma ka ƙirga wake, malam! In ka ga sakamako ka zo ka nemi gafara!"

"Zan zo da madara!" in ji malamin lissafi, ya kurɓi shayinsa. Bai tafi ba. Ya ma yafito wasu malaman.

Ganin an fara taruwa a taga, Koci ya ga lokaci ya yi da za a san ko shi wane ne. Ya dasa ƙwallo a tsakiyar ɗaki, ya kori yara gefe da hannu, ya ɗauko wani ɗan aji biyu ya tsayar tsakanin bokitan a matsayin mai tsaron gida. Yaron ya dubi tumbin Koci, ya dubi ƙwallon, ya tafi abinsa. Koci ya ja da baya, ya tofa yawu a tafin hannu ko da yake ba da hannu za a buga ba, ya sheƙo.

Ƙafar ta wuce ƙwallon da kusan taku guda. Takalmin ya fita, ya yi sama, ya juya, ya sami wuri a kan katakon rufi ya zauna.

"Yaudara ce!" ya yi wa taga ihu. "Haka ake ruɗa mai tsaron gida!"

"Ai ya ruɗe, har ya tafi!" in ji malamin lissafi.

Ya sake ja da baya, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya safa mai huda a babban yatsa. Ya sheƙo. Wannan karon kuwa, Allah da ikonsa, ƙafa ta sami ƙwallo a daidai inda ake so. A duk rayuwarsa, ta gaske da ta baki, Koci bai taɓa buga ƙwallo mai kyau irin wannan ba. Ta tafi a miƙe kamar an ja ta da zare, ta ratsa tsakanin bokitan nan biyu, ta daki tudun kulolin a ƙirji.

"Ta shiga!" Koci ya daka tsalle, hannu a sama.

Tudun ya rushe. Kuloli suka gangaro, murafe suka yi nasu waje. Shinkafa ta bazu, taliya ta miƙe a ƙasa, miya ta bi ruwan yoyo ta kama hanya, dafaffen ƙwai ɗaya ya yi ta gangarawa shi kaɗai har tsakiyar ɗaki. Usur suka yi shiru. Sai 'yan aji ɗaya suka buɗe baki gaba ɗaya, kuma a karon farko a ranar aka sami ƙarar da ta fi ta ruwan.

Yara suka afka wa kulolin. Abin takaici, iyayen duk a shago ɗaya suke saye, kusan duk kulolin shuɗaye ne. "Tawa ce!" "Ƙarya kake, ta yayata ce!" "Malam, ya taka min nama!" Wani ƙaton ɗan aji biyar kaɗai ne bai shiga rigimar ba. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu, duk abin da ya gangaro wajensa ya ɗauka ya ci.

Malamar aji ɗaya ta bayyana a ƙofar gefe, tana dafe da baya, cikinta ya riga ta shigowa.

"Koci, in kwashe nawa?"

"Bar su! Ina sane da su!"

"To shi ke nan," ta ce, ta dube shi da tausayi. "Gara ku fara sabawa."

Maganar ta soke shi fiye da duk abin da aka faɗa a taga. Ya dubi agogon bango, saura kaɗan a kaɗa ƙararrawar komawa. Jini dai babu tukuna. Kuka ne, shi kuma kuka ana iya shanye shi da abin mamaki. In Anti Babba ta shigo ta tarar da yara suna sowa, wa zai tsaya duba shinkafa? Ya ruga bayan dandamali ya janyo igiyar jan igiya, mai kaurin hannu. Ya ɗaura gefe ɗaya a ƙugunsa, ya ƙulle tam, ya jefa wa 'yan aji shida ɗaya gefen. Ya bugi ƙirjinsa, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna su duka. Wannan kam kowa ya gane: shi kaɗai, su duka.

Kuka ya tsaya. Dabarar ta ci, kuma da ya tsaya a kan 'yan aji shida, da wataƙila ya tsira da mutuncinsa. Amma da ya ga malamai sun cika taga, sai ya yafito 'yan aji biyar su ma. 'Yan aji huɗu ba su jira gayyata ba. 'Yan aji uku da ma suna kan igiyar. Har 'yan aji ɗaya suka kama rigunan na gabansu, da hawaye da majina, suka yi layi.

Koci ya juya wa babbar ƙofa baya, ya sami wani rami a simintin ya kafa dunduniya, ya kwanta da baya.

Suka ja. Igiya ta shige cikin tumbi ta raba shi biyu. Koci ya ji abin da ya ci tun jiya yana neman hanya. Amma ramin ya riƙe shi, nauyin da ya tara a ɗakin malamai ya yi masa rana. Bai motsa ba. Ya washe haƙora wajen taga, ko da yake ba murmushi ba ne.

Ruwan sama kuwa, kamar yadda ya saba, sai ya ɗauke ɗif, ba sallama. Kwano ya yi tsit. A cikin shirun nan muryar Auta ta tashi daga tsakiyar igiya, tar da ita, don ta ɗauka har yanzu sai an yi ihu ake ji.

"Ku ja! Ku ja, babana ne, ba shi da ƙarfi! Mamana ce take buɗe masa murfin kwalba!"

Taga ta fashe da dariya. Malamin lissafi ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya. Koci ya ji duniya ta yi masa zafi. Ya rufe ido, ya tattaro duk abin da ya rage a jikinsa da na kakanninsa, ya jefa nauyinsa baya gaba ɗaya, har ƙeyarsa ta kusa taɓa ƙasa.

A daidai lokacin ya ji babbar ƙofa ta buɗe a bayansa, da muryar Anti Babba cikin taushin da take ajiye wa baƙi: "Wannan kuma sabon shiri ne, Alhaji, ni da kaina na zauna na tsara shi, don yaranku su..."

Abu ɗaya aka koya wa yaran makarantar nan da ya zauna musu a ka: in Anti Babba ta shigo, a saki duk abin da ke hannu, a miƙe tsaye, a gaishe ta.

Suka saki.

"Barka da zuwa, Antiii!"

Koci ya ji igiya ta yi sako-sako, kuma har ga Allah ya ɗauka ya ci. "Na gaya muku!" ya ƙwala, yana tafiya da baya. Dunduniya ta fita daga rami, safa ta sami taliya, ya zauna daɓas, ya kama hanya suuu a kan shinkafa da miya da ruwan yoyo, igiya tana bin sa kamar wutsiya. Anti Babba, da yake ta san ma'aikatanta, ta matsa gefe. Shugaban kwamitin iyaye bai san su ba. Babban ɗan kasuwa ne, mai jiki, cikin fararen kaya masu sitaci, yana tsaye a bakin ƙofa da lema a naɗe. Koci ya ɗauke masa ƙafafu, Alhaji ya zauna a cinyarsa, su biyu suka ratsa baranda, suka sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, suka ƙare tafiyarsu a cikin kwatar da ke kwashe ruwan fili.

Hular Alhaji ta ci gaba da tafiya ita kaɗai a kan ruwa.

Makaranta duka ta fito baranda. Sauran 'yan kwamiti suka leƙa ɗakin taron, suka ga shinkafa har bango, da takalmi a kan katakon rufi, da yaro a zaune yana cin ƙwan wani. Wata uwa a cikinsu ta tsinci murfin kular ɗanta a ƙasa, ta juya shi, ta fara gyara ɗaurin mayafinta a ƙugu. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi yoyo.

Baba maigadi da malamai biyu suka ciro Alhaji, fararen kaya sun koma kalar shayi. Koci ya miƙe da kansa, taliya a kunne, igiya a ƙugu, ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, abin da ka gani shi ne kashi na ƙarshe. Koya wa yara yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Ka lura ko ƙwarzane ba ka yi ba?"

Alhaji ya tofar da ruwan kwata. Bai dubi Koci ba, Anti Babba ya duba.

"Hajiya, kin ce ke kika tsara wannan?"

"Ni? Wane shiri? Ai rufi na kawo ku gani, Alhaji."

"To wannan mutumin wane ne?"

Anti Babba ta yi murmushi, a hankali, har ya kai idanunta.

"Malamin aji ɗaya ne."

Koci ya buɗe baki zai kawo maganar gwiwa, sai ya ji ana jan ƙafar wandonsa. Ya duba ƙasa. Wani ɗan mitsitsin yaro ne, malamar aji ɗaya ta turo shi daga baranda tana ɗaga masa hannu.

"Malam, zan yi fitsari."

"Jeka wajen malamarku."

"Ta ce kai ne."

Koci ya dubi baranda, ya ga makaranta guda ta zuba masa ido. Ya gyara tsayuwa, ya share taliyar kunnensa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To saurara, yaro. A ajina komai da tsari. Ba a fitsari sai an ɗaga hannu, an jira izini. Ka riƙe shi."

Yaron ya ɗaga hannu, ya dube shi ido cikin ido.

"Malam, na gama."

Koci ya ji ɗumi yana sauka a kan safarsa.